Rasuwar Mai Ƙaho Biyu, Mai Gaida Surukata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta masu satar intanet ɗinmu rasuwar rauta, wato ɗan akwatin intanet na gidanmu, wanda yara ke kira Mai Ƙaho Biyu. Ya cika a saman firij, inda ya yi rayuwarsa duka bai taɓa neman a sauke shi ba.

Marigayin ya zo gidan nan don raba intanet kawai. Ni ne na ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, na dasa masa ɗan bot a ciki don ya riƙa amsa saƙonni da sunana. Surukata mace ce mai son gaisuwa, ni kuwa bakina da nauyi. Tun daga ranar, ba ta taɓa turo saƙo ya kwana ba. Da safe sai ka ji ƙit, ya aika: “Mama, barka da asuba, ya gwiwar?” In ta ba da labarin maƙwabciyarta mai zuba shara a ƙofa, ya ce: “Ai haƙurinki ya yi yawa, Mama.” Bai taɓa gajiya ba, bai taɓa cewa yana mitin ba. A dangi har misali ake yi da ni.

Ciwon ajalinsa zazzaɓi ne. Da yake ba a kashe shi, kullum jikinsa da ɗumi, sai maiɗakina ta gano wurin shanya safa. Kyanwa ma ta mai da shi katifa. Ya fara rikicewa, ya yi wa mai gyaran famfo “ya gwiwar?”, ya tura wa shugabana a ofis “Allah ya ƙara haƙuri.” Na yi masa fifita, na cire shi daga wuta na mayar, amma ina. Fitilarsa ta yi ja, ya yi tsit.

Ya bar caja ɗaya, safa mara abokiya, da kyanwar da har yanzu take hawa firij ta sauko ba ta samu kowa ba. Ya bar ni da tsoron ranar da asirina zai tonu.

Ashe babu abin da zai tonu. Surukata ta shaida wa 'yarta cewa ta daɗe da ganewa, don ni ko ranar da ta zo da sanda ban tambayi gwiwarta ba. Ta yi shiru ne saboda ko na'ura ce, ta samu mai tambaya. Wallahi maganar ta dake ni.

Za a yi jana'iza gobe a durowar tsofaffin wayoyi, mai gyaran rediyo ne zai yi masa wanka da burushi. Masu ta'aziyya kada su zo gidana, su wuce gidan Mama, ita aka yi wa rashi. Za su same ni a can, a bakin ƙofa, ina koyon gaisuwa.