Aparai a Cikin Leda

Wani ne ya tafi haƙar zinariya Tchibarakaten. Mutumin nan akwai adana kaya, wayarsa shekara huɗu har yau bai ɓare mata ledar kanti ba.

Rannan sai mai ramin da yake wa aiki ya ba shi wani ɗan aparai rawaya, wata 'yar na'ura, ya ce ya riƙa ratayawa in zai sauka. Mutumin bai tambayi amfaninsa ba. Shi a saninsa, duk aparan da ya yi ƙara a dajin nan zinariya ya gani.

Yana kaiwa ƙasan rami abu ya fara tsuwwa. Gogan naka ya yi kabbara, ya hau sara. Kansa na juyawa, ya ce murna ce. Abokin aikinsa Abdu ne ya jawo shi da igiya, idanu sun kakkafe. Haka aka yi ta fama, har wata rana aparai ya yi tsit.

Ya shigo mota har Agadez, ya nufi shagon Illiya mai gyara.

"Malam Illiya, abin nan ya bar ganin zinariya."

Illiya ya juya aparai, ya dube shi. "Wace zinariya? Wannan iskar guba yake shinshinawa, hayaƙin gurup, injin wutar nan, da na dinamit. In ya yi ƙara, gudu ake yi!"

"Gudu? Ni da nake ƙara sara!"

"Ai ga alama nan a idonka."

Illiya ya kwance bayan, ya ciro wani abu kamar maɓallin riga. "Ka ga wannan? Kaptar ke nan, shi ne hancin aparai. Ya mutu. Ƙura ta toshe shi, ka kuma ɗura mishi hayaƙi har ya ƙoshi."

Ya sa sabo, ya fesa masa gas daga wata 'yar kwalba, abu ya tsala ihu.

"To ga shi. In ka kula da shi zai yi shekara biyu, da garanti."

"Mi ka ce yana kashe shi?"

"Ƙura, da yawan hayaƙi."

Mutumin ya gyaɗa kai. Ai an zo fanninsa. Kafin ya bar tasha ya sayi leda uku, ya naɗe aparai, ya ɗaure da roba tamau, ko iskar Allah ba ta shiga.

Ya koma rami, aparai shiru. Ya leƙo sama yana washe baki.

"Abdu, ka ji? Yau ko tari bai yi ba!"

Daga nan Abdu bai ƙara jin komai ba, sai da ya sake jan igiya.

Kwana uku bayan haka, Illiya ya je dubiya gidan likita a Agadez. Ya tarar da gogan naka kwance, an sa masa robar numfashi a hanci, matarsa Ramata na yi masa fifita tana harararsa. Yana ganin Illiya ya yunƙura, ya zaro ƙunshin leda daga ƙarƙashin matashi.

"Malam Illiya, duba da kanka. Wallahi ko ɗigon hayaƙi ban bari ya shaƙa ba."

Illiya ya kwance leda ta farko, ta biyu, ta uku. Ya hura kaptar, ya mayar masa.

"Shi kam zai yi shekara biyunsa. Kai ne babu garanti."