Yaƙin Jiragen Ruwa a Shagon Bello

Ni mahauci ne, teku ko a mafarki ban taɓa ganinta ba. Amma da ƙuruciya akwai wani wasan kwamfuta na yaƙin jiragen ruwa da nake bugawa, kuma shekara da shekaru ina cika wa abokan sana'ata kunne cewa ba a yi gwani kamata ba.

Rannan Bello mai gyaran kwamfuta a Tudun Wada ya ce ya tono wasan a wata tsohuwar na'ura. Na kwashi mahauta muka tafi, su gani da idonsu.

Yana kunnawa kiɗan nan na da ya tashi. Ban jira kowa ba, na zauna na hau danne-danne. Jiragen abokan gaba suka fara nutsewa. Na daka tsawa, "Ku kewaye su ta gabas!" Wallahi kuma suka kewaye.

Sai wayata ta yi ƙara. Na saki komai na amsa. Jiragena suka ci gaba da ɓarin wuta, ba hannuna.

Bello ya ce, "Kawu, ai ba a hwara ba. Wanga talla ne, wasan da kanshi shika yi. Ga shi nan an rubuta."

Da Turanci aka rubuta, ni kuwa ba na karanta Turanci.

Abin da nake ta juyawa a raina har yau: shin da can ɗin ma ni ke bugawa? Na tambayi Bello, ya ce Allah masani.

Yanzu ko ƙashi na sara a kasuwa, sai wani ya leƙo: "Kyaftin, kai kas sara, ko shi ma talla ne?"