Ranar da Aka Shanya Yashin Teku

Ranar Litinin ɗin da ta wuce na taka dukiyar ƙasa da takalmina. Ina tafe daga Sabonjida zuwa kasuwa, hankalina na wani wuri, sai na ji ƙafata ta nutse cikin yashi a kan tabarma, gaban sabon zauren Kwamitin Ƙawata Gari. Tabarmi goma sha biyu, duk yashi, ga wari kamar an manta da ɗanyen kifi a aljihu.

"Afa, ɗaga ƙafarka! Yashin nan ya fi ka tsada!"

Imurana ne, maƙwabcina, masinjan kwamitin, mai 'ya'ya biyar. Afa yake ce mini, wato malam a yaren garin nan. Yana korar kaji da sanda, idonsa jajur.

Ga yadda abin yake. Tun da muka samu 'yancin kai, Mai Girma Shugaban Kwamiti, Allah ya ƙara wa hularsa tsawo, ya gano abin da Tamale ta rasa. Ku da kuke layin ruwa da garwa a Changli, na san kun ce famfo. Kun faɗi. Teku muka rasa. Sai ya yi odar ƙaton akwatin gilashi, da kifaye masu launi, da murjani mai rai, da ruwan gishiri a durom, da yashin da za a shimfiɗa musu a ƙasa. Lori biyu suka kwana uku a hanya daga kudu.

Yashin ya iso a jiƙe cikin ruwansa, kuma haka ake kawo shi da gangan, don akwai ƙananan halittu a ciki masu cinye ƙazantar kifi. Amma Mai Girma ya shekara ashirin yana sayen gyaɗa da kaɗanya kafin girma ya same shi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sikeli a garin nan ya san ma'anar jiƙaƙƙen kaya. Ya cusa hannu cikin durom, ya ce, "Ni za a cuta? A shanya!"

Ina yaba masa. Ban taɓa ganin wanda ya kama ɓarawo da sauri haka ba, balle ɓarawon da babu shi.

Kwana biyu a rana, komai na cikin yashin ya mutu. Aka ɗiba aka zuba a akwatin, ruwa ya koma kamar koko, kifi biyu suka juya ciki sama. Mai Girma ya ce yashin bai gama bushewa ba ne, a mayar da shi tabarma. Sannan ya waiga ya ga Imurana, ya ce in wani kifi ya ƙara mutuwa kafin bikin buɗewa ranar Asabar, ya ajiye kakinsa ya tafi.

"Afa," in ji Imurana, "kai da kake karanta littattafan da Turawa suka zubar, ba su ce komai a kan yashi ba? Ko in ɗebo na magina?"

Sun ce. Ina da wani littafin kiwon kifi da na saya a gwanjon kayan wani Bature, har da shi na koya wa kaina Turanci. Yashin magina da na rafi laka ce da ƙura, ba sa yi. Abin da kifin teku yake so, mai arha kuma, shi ne dakakken ɓawon kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, da aka wanke tas. Mai ɓawon kawa a unguwarmu kuwa Mma Safiatu ce, wadda take ƙona shi ta yi farar ƙasa ta shafen ɗaki.

"Dasiba, Mma," na yi mata ina kwana da yaren gari.

"Naa. Yau kuma me ka karanto mana?"

Na yi mata bayani. Ta dube ni, ta dubi Imurana.

"Wato ni in daka wa kifin gwamnati gado? Ni da nake kwana a tabarma?"

"Kamar tsakin masara, Mma, kada ya yi gari."

"Ji shi! Bai taɓa riƙe taɓarya ba, yana koya mini daka. Imurana, don 'ya'yanka zan yi, ba don kifi ba. Kifin da ba a ci ma kifi ne?"

Ta daka, ta tankaɗe, ta wanke sau bakwai da ruwan da ta yi wa layi tun safe, tana tsine mana a kowane wanki. Imurana ya shimfiɗa shi kaurin yatsa biyu. Zuwa Alhamis ruwa ya yi garau, kifaye suna yawo kamar su ne 'yan kwamitin.

Ranar Asabar Mai Girma ya tsaya gaban akwatin ya nuna wa baƙi farin yashi. Ya ce daga bakin teku ya zo, kuma ba don sa idonsa ba da 'yan kudu sun sayar wa Arewa ruwa a farashin yashi. Aka tafa. Ni ma na tafa, kuma abin da ya dame ni ke nan.

In na yi shiru, da hannuna na daka wa ƙarya gadon da za ta kwanta. In na yi magana, Mai Girma ba zai kori kansa ba, Imurana zai kora, yara biyar su rasa tuwo don ni in ji daɗin cewa ni mai gaskiya ne. Gaskiyar da wani ne zai biya kuɗinta, tawa ce da zan kashe? Na juya tambayar nan har matata ta ce in ci abinci ko in tashi mata daga kujera.

A ƙarshe na kai wa Imurana maganar, tunda wuyansa ne. Na ce zan rubuta wa jarida, sai in ya hana.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Rubuta, Afa, har sunana ka sa. Ni nake kai masa jarida kullum. Shafin da babu hotonsa, da shi yake naɗe ƙosai."

Don haka, Malam Edita, ina roƙon arziki: kada a sa hoton kowa a shafin nan.