Madarar da Na Sha a Babura

A zangona na ƙarshe a kwalejin noma, shekarar da fari ya cinye shanu, na riga na gama tsara rayuwata: in zama malamin dabbobi a Kazaure, gwamnati ta ba ni babur. Da aka nemi ɗaliban da za su raba kayan agaji a Babura, ni na fara ɗaga hannu.

Muka isa wata ruga a gajiye, mura ta toshe mini hanci. Na kwance wani buhun farin gari, na tara Fulani zan koya musu haɗa madarar gari. Ni, zan koya wa Fulani madara!

Na zuba a ƙwarya, na dama. Kumfa ta taso har tana zuba.

Arɗon rugar, wani dattijo, ya leƙa ƙwaryar. "Samari, wace irin saniya ce ta kawo wannan?"

"Ta Turai ce, Baba. Kumfar nan alamar kyau ce."

Ba wanda ya miƙo hannu. Don in cire musu tsoro, na kafa kai na sha da yawa.

Garin sabulu ne, na asibiti. Motar da ta kawo agaji ita ta kwashe ni zuwa asibitin.

Na samu aikin, na samu babur, har na yi ritaya. Amma har yau in aka miƙo mini fura a gidan suna, sai wani ya ce, "Malam Kumfa, ta gida ce, ko a kawo ta Turai?"