Fankar da Ba Ta Ƙara

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na tara manya a soron gidanmu don su saurari shiru ba. Lokacin bai daɗe ba da soja suka miƙa mulki, kowa a unguwarmu ta Soron Ɗinki ya zama ɗan takara, har wanda matarsa ba za ta zaɓe shi ba yana son fosta. Ni kuma na samu tsohuwar kwamfuta ta tebur, na dasa ta a soro ina buga fosta da katin biki. Na kuma fara sa tabarau, alhali lafiyar idona ƙalau.

Matsalar ɗaya ce. A cikin akwatin kwamfutar akwai wata 'yar fanka da ke zaune a kan ƙwaƙwalwar injin tana sanyaya ta. Tawa ta tsufa, idan na kunna ta, don ƙararta har kajin maƙwabta sai sun watse.

A lokacin ina neman auren Falmata, 'yar gidan wasu malamai 'yan asalin Barno da suka daɗe a Dala. Kamar yadda aka saba, ba a ba ka mata sai an binciki sana'arka, kuma wanda aka ɗora wa binciken shi ne wan mahaifinta, Baba Goni. Ya bi ta ƙofar gidanmu sau ɗaya, bai ko shigo ba, ya ji rugugi, ya koma ya ce wa 'yan gidansu, "Yaron nan markaɗe yake yi. Ba laifi ba ne, amma me ya sa zai ce mana kwamfuta?"

Da Falmata ta faɗa min tana dariya, ni kam na ji kamar an mare ni a tsakiyar kasuwa. Ni da na yi difloma! Nan take na aika a roƙi Baba Goni ya zo ranar Asabar ya gani da idonsa, sannan na nufi Sabon Gari neman sabuwar fanka.

Mai shagon ya jera min kala-kala. Akwai wata 'yar madaidaiciya irin tawa, ya ce tana ɗan yin ƙara. Akwai mai kyau marar ƙara, amma da na ji kuɗinta sai na yi kamar ba ni na tambaya ba. Can a ƙasan kanta na hango wata ƙatuwa a yagaggen kwali, araha kamar tsintuwa. (A ƙa'idata ta wancan lokacin, duk abin da ya fi girma kuma ya fi araha, wanda ya bar shi ne wawa.)

Na ce, "Wannan za ta shiga tawa?"

Ya ce, "Yallaɓai, duk kwamfutar duniya tana shiga."

Tunda ya ce min Yallaɓai ban ƙara wata tambaya ba.

Shiga kam ta shiga, sai dai ta yi wa akwatin tsawo, murfi ya ƙi rufuwa. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na tura wayoyin ciki, na ɗora gwiwa a kan murfin na danne da ƙarfina har na ji ƙwas, na ɗaure kusoshi. Ban samu na gwada ba, domin tun ranar Alhamis aka ɗauke wuta, ni kuma na ce injiniya ba ya buƙatar gwaji.

Ranar Asabar na share soro, na shimfiɗa darduma, na sa garwashi a kasko na zuba turaren wutan da Hajja, mahaifiyar Falmata, ta taɓa aiko wa innata, don Baba Goni ya ji ƙanshin gida. Ya iso bayan la'asar tare da wani ƙaninsa, mahaifina ya tarbe su, maƙwabta ma suka ɗan leƙo. Ana cikin gaisawa sai ga wuta an kawo. Na ce a raina wannan aure na Allah ne.

Na danna maɓalli. Allo ya kawo haske, amma ko ƙus ba ka ji. Wallahi har wani sanyi na ji a zuciyata.

Na ɗaga hannu na ce, "Baba, don Allah a ɗan saurara. Kun ji wani abu?"

Baba Goni ya karkata kunne ya ce, "Ban ji ba."

"To ai shi ke nan ilimin. A ƙasashen da suka ci gaba, da shiru ake gane injin kirki. Mai ƙara na 'yan koyo ne."

(Ban taɓa wuce Zariya ba a lokacin, amma na yi bayanin ƙasashen da suka ci gaba har da nuni da hannu.)

Na zauna na fara buga masa sunansa da manyan baƙaƙe, na yi masa ado da furanni a gefe. Ina cikin haka sai na ga ya ɗaga hanci yana shinshina iska. Ya dubi kasko, ya dubi ƙaninsa.

"Wannan turaren na gidanmu ne?"

Na ce da fara'a, "Na Hajja ne, Baba."

Ya ce, "A'a. Hajja ba ta sa roba a turarenta."

Ni ma na ji ƙaurin, amma na ɗora laifin a kan gawayi, har na tashi na ƙara turare don ya danne. Kafin na koma kujera, rubutun ya daskare, allon ya yi baƙi ƙirin. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, ya bi na kaskon suka tashi tare. Mahaifina ya rafka salati. Na kwance murfin, kowa ya leƙa. Ga ƙatuwar fankata a tsaye cak, murfin da na danne da gwiwa ya matse ta, wata waya kuma ta sarƙe a fikafikanta. Tun da na saya ba ta juya ko sau ɗaya ba, ƙwaƙwalwar injin kuwa ta ƙone tun ina tsakiyar lacca.

Baba Goni ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ce a natse, "Allah ya mayar da alheri. Lallai ta yi shiru." Sannan ya dubi mahaifina: "Alhaji, maganar nan a ɗan dakata, sai yaro ya samu abin yi."

Kunya ta hana ni fita har sai da abokai suka gaji da kirana Injiniya Shiru. Ga fostocin mutane sun tafi tare da injin, ga aure ya tsaya, ga shi babu halin sayen wata ƙwaƙwalwar. Wanda ya tausaya min shi ne maƙwabcinmu Malam Sabo, ya ce in zo in riƙa tsare masa injinsa kafin in farfaɗo. Injin markaɗe, ba wani ba. Na cire tabarau na kama aiki.

Wata safiya ina tsaye, gaban rigata duk ƙullun wake, injin na rugugi, sai ga Baba Goni zai wuce. Na nemi inda zan ɓuya na rasa. Ya tsaya ya daɗe yana kallona, sannan ya matso ya ɗaga murya don in ji: "Yauwa! Ai tun farko abin da na faɗa musu ke nan. Ka ce wa Alhaji ya turo a sa rana."

Yanzu ina da shagon kwamfuta na gaske, kuma kafin in sayar wa mutum fanka sai na auna akwatinsa, na kunna ta murfi a buɗe ya ga tana juyawa da idonsa. A gida ma haka nake. Duk ranar da na dawo na tarar Falmata ta yi tsit, ba na cewa na samu zaman lafiya. Shinshinawa nake fara yi.