Amaryar da Na Bi a Garhanga

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Garhanga ba, ko da na so, domin abokaina ba za su bari ba.

Ni mai hoto ne, shagona yana Madawa kusa da tasha. Na yi shekara biyu ina koyon aiki a Yamai, kuma duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya sha wannan labari (har wanda ya zo hoton katin ɗan ƙasa ba ya tsira). Wata shekara bayan an gama girbin gero, sai aka kira ni aikin biki. Wasu 'yan Yamai ne, Hadiza da Isufu, suka ce ba za su yi taronsu a otel ba, za su kwaso baƙinsu kaf zuwa ƙauyen kakanninsu, can bayan Garhanga. Sun ɗauko mai sono daga Tawa da manyan lasifikokinsa, sun kira makaɗan kalangu na garin, hoto kuma aka ce sai ni.

Hadiza da kanta ta yi min magana ana gobe biki. Ta ce duk abin da na ɗauka ta gode, amma abu ɗaya ne ya sa ta jawo mutane kan wannan hanya mai duwatsu: tana son hoton fitarta daga gidan kakanta, a ƙafa, zuwa gidan dangin ango. Fitar sau ɗaya ce, domin in ta shiga ɗaki ba za ta sake leƙo waje ba sai bayan kwana bakwai, lokacin baƙi duk sun watse. Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta. Har na ƙara mata da ilimi kyauta, na ce mai hoton kirki da kunne yake aiki, inda kiɗa yake nan amarya take.

An sa kai amarya bayan la'asar, don masu motoci su sauka duwatsun da sauran haske. Kalangu ya tashi a ƙofar gida, mata suka rangaɗa guɗa, sai ga amarya lulluɓe da farin zane tun daga kai har ƙasa, 'yan mata biyu na riƙe da ita. Nan fa na nuna abin da na iya. Na durƙusa, na miƙe, na hau turmin mutane, na kwanta rub da ciki da sabuwar shaddata. Na ɗaga wa mai sono hannu ya rage sauti don kalangu ya fito sosai a bidiyo, ya kuwa rage (ina jin tsorona ya ji, don na ɗaure fuska ƙwarai).

Ana cikin haka sai wasu mata uku suka ɓullo ta gefen katanga, ta tsakiyar ta rufe fuska da wani mayafi marar ado, suka ratso ta bayan amarya. Raina ya ɓaci. Na daka musu tsawa na ce su kauce, suna ɓata min hoto. Suka kauce kuwa, sum-sum, suka bi wani lungu.

Amaryata tana tafiya a hankali, ta ɗan sunkuya, tana jan ƙafa. Na juya na ce wa abokan ango su dubi tarbiyya, yarinya ta tashi a birni amma ga kunya kamar ba ta taɓa ganin kwalta ba. Mutanen gari suna ta dariya har da riƙe ciki, musamman in makaɗi ya ce ga yarinya ɗanya sharaf. Ni kuma na ɗauka kyamarata ce take burge su, sai na ƙara juya ta sama da ƙasa.

Da muka isa ƙofar gidan dangin ango, 'yan matan suka ce ba a buɗe fuska sai an ba su goro da turare. Aka ba su. Na matsa gaba da kowa, na daidaita kyamara, aka yaye zane. Sai ga wata tsohuwa tukuf, kai fari fat, ba haƙori ko ɗaya a gaba, tana dariya har hawaye na zuba. Ta dubi Isufu ta ce:

"To mijina, ga ni na taho. Mi kaka jira?"

Wuri ya kaure da shewa. Ni dai yatsana bai daina danna maɓalli ba, don ya saba, amma ban gane abin da ke faruwa ba. Wani dattijo da ke gefena ya ga yadda na yi, ya bayyana min cewa kakar Hadiza ce. Al'adarsu ce tun da can, a fito da amaryar boko, wato ta ƙarya, da kiɗa ta ɗauke hankalin jama'a, ta gaskiya kuma a sulale da ita shiru. Na tambaye shi ina ta gaskiyar take.

"Ta daɗe cikin ɗaki, ɗana," in ji shi. "Ai ka gan ta, har kac ce ta kauce tana ɓata maka hoto."

Na taɓa jin mahaifiyata tana ba da labarin wannan al'ada, amma na ɗauka ta tafi tare da zamaninsu. Na so in gudu, sai na tuna a motarsu na zo, kuma daga nan zuwa Madawa ba tafiyar ƙafa ba ce. Ina cikin wannan tunani aka ce amarya tana kira.

Na tsaya a bakin ƙofa na miƙa kyamara, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Hadiza ba ta saurare ni ba. Tana ta wuce hotuna, farin zane, farin zane, farin zane. Da ta kai inda aka yaye lulluɓi sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira mahaifiyarta ta nuna mata, su biyun suka fashe da kuka haɗe da dariya.

Ashe tsohuwar nan ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto a biki ko suna ba. Da ta ga an ɗaga waya sai ta juya baya. 'Ya'yanta sun yi lallashi shekara da shekaru har sun haƙura. Ranar kuwa wasan ya ɗauke mata hankali, ta manta da ni sam.

"Da ni ka bi, wa za ya ɗauko muna ita?" in ji Hadiza.

Fitar Hadiza ma an same ta, a hoto ɗaya tak: ga ta can a gefe, dishi-dishi, ga hannuna a gaba yana korar ta. Ta ce shi ma in wanke mata shi babba, kuma kada in kuskura in yanke hannun.

Da na koma shago na zauna na duba hotunan a natse. A kusan kowanne ƙafafun tsohuwar sun leƙo ta ƙarƙashin zane, ga faso, ga tsohon takalmin roba, ba ko ɗigon lalle. Kowa a garin ya gani, sai ni da na kwanta a ƙasa dab da su. Tun daga ranar, in aka fito min da amarya a lulluɓe, ko limamin gari ne ya rantse min ita ce, sai na fara duba ƙafa.