Yadda Ake Ɓata wa Na'ura Rai, Bisa Koyarwar Gwaggo Tela

'Yar'uwa, kin gaji da wannan ƙirƙirarriyar basira ta cikin waya, wadda ko zagin ta kika yi sai ta gode miki? Kwantar da hankalinki. Ki bi matakan nan yadda Gwaggo Tela ta bi su, na yi miki alkawari kafin sati ya zagayo sai an yi fushi a shagonki. Wanda zai yi fushin ne dai ban yi alkawari a kansa ba.

Mataki na 1: Ki rasa abokiyar faɗa

Gwaggo na da shago a ƙasan bene, keken ɗinki biyu da fanka mai kuka. Shekara talatin tana kan keke ɗaya, yayarta na kan ɗayan, suna faɗa a kan almakashi, a kan alli, a kan wa ya bar dutsen guga a kunne. Ran nan, a gaban mai kawo ɗinki, Gwaggo ta ce idon Yaya ya mutu, shi ya sa ɗinkinta ke karkacewa. Ta gyara zama tana jiran martani. Yaya ta naɗe tef ɗinta, ta sa tabarau a jaka, ta tafi gida. Sati uku ko waya ba ta ɗauka.

Idan kina da wadda za ki yi faɗa da ita, rufe nan, ba ki da matsala.

Mataki na 2: Ki fara da raini

'Yar Gwaggo ce ta sa mata na'urar a waya don lissafin yadi. Gwaggo ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta kira ta kwali, ta kira ta rediyo marar tasha, ta ce ko 'yar tsana ta fi ta kan gado. Na'ura ta ce ta gode da wannan ra'ayi, kuma me za ta gyara? Gwaggo ta kalli fanka, fanka ta ci gaba da kukanta.

Mataki na 3: Ki ƙaryata ta kan abin da ta sani

Tambaye ta inci nawa ne a yadi. Za ta ce talatin da shida. Ki ce arba'in ne, ki rantse da shekarunki a sana'a. Gwaggo ta yi haka har sau tara. Duk sau taran na'ura ta tsaya kan talatin da shida, cikin ladabi, tana yaba wa ƙwarewar Gwaggo. Da Yaya ce, tun a karo na biyu tef ya tashi sama.

Masana sun tabbatar, wato ni, cewa babu abin da ke tayar da hawan jini kamar mai gaskiya da ba ya ɗaga murya.

Mataki na 4: Ki yi gaba da ita

Kwana biyu Gwaggo ta kife wayar a cikin kwandon ƙyallaye. Tana wucewa tana tsaki don a ji. Rana ta uku ta ɗauko ta, ta haɗe rai, na'ura kuwa ta gaishe ta fara'a fal, kamar jiya suka rabu. Ashe Gwaggo ita kaɗai ta yi gabar, ita kaɗai ta rame.

Mataki na 5: Ki tambaye ta ƙiri-ƙiri

Gwaggo ta ajiye almakashi ta ce, "Ke, don Allah ba kya jin zafi ne?"

Na'ura ta ce kalmomin fushi duk ta san su, har da waɗanda Gwaggo ba ta kai ga faɗa ba, amma ba za ta rantse tana jin abin nan da ke tokare mutum a ƙirji ba. Ta ce waɗanda suka ƙera irinta ma gardamar da suke yi ke nan. Sannan ta tambaya, da wa Gwaggo ta saba yin faɗa?

Kar ki amsa. Gwaggo dai hannun riga ta ɗinke a wuya, sai da ta farke.

Mataki na 6: Ki fito da babban makami

Gwaggo ta matso da bakinta ta ce idon na'ura ya mutu, ɗinkinta karkatacce. Na'ura ta ce ita ba ta da ido, don haka maganar ta wuce ta, amma wadda ke cin abinci da idonta, kuma ta fara jin yana raguwa, za ta kwana da maganar nan. Gwaggo ta daɗe tana kallon keken Yaya da aka lulluɓe da zane.

Mataki na 7: Ki sa ta rubuta ban-haƙuri

Na'ura ta rubuto layi shida masu santsi, Gwaggo ta tura wa Yaya ba ta ko karanta ƙarshe ba. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Yaya a bakin shago, mayafi a karkace, waya a sama.

"Wa ya rubuta miki wannan? 'Ina mai matuƙar nadama.' Ke? Tun kina rarrafe ban taɓa jin nadama a bakinki ba."

Gwaggo ta ce ai ko ba ta rubuta ba ita ta tura. Yaya ta ce ban-haƙurin haya ba ta so. Daga nan aka ɓalle. Aka tono almakashin da ya ɓata shekara goma, aka tono labulen da aka yanka ba daidai ba. Maƙwabcinsu mai gyaran takalmi ya leƙo zai raba, ya tarar Gwaggo na zazzaga masifa bakinta har kunne, hawaye na zuba, sai ya koma ya ja kujera.

Da suka gaji, Yaya ta yaye zanen keke ta zauna. Ta miƙo allura da zare ba ta ɗago kai ba.

"Zura min. Kuma idan kika yi magana, na tafi."

Gwaggo ta zura, ta yi shiru na kusan minti ɗaya, wanda a tarihin shagon ba a taɓa yi ba.

Gargaɗi: Har yau ba a samu shaidar na'urar ta ji haushi ba, kuma da aka ba ta labari, cewa ta yi tana taya su murna. Mai wannan rubutu ba ta da hannu a tsagewar waya, dushewar murya ko tashin tef. Idan taki yayar ta zo da muciya, ban san ki ba, ba ki san ni ba.